Naman da Bazazzagi Yake Turo Mini

Kafin ciwo ya kwantar da ni, shekara goma sha tara na yi ina cin abincin rana a tire ɗaya da mutum biyar, a gindin wata darbejiya da ke bayan sashen saƙa, a kamfanin buhuna da nake aiki a Challawa. Ba wanda ya kafa mana wannan doka, haka kawai muka ga kanmu. Kowa yakan zo da kularsa daga gida. Da an busa jiniya mun idar da sallar azahar, sai a juye komai a babban tire: shinkafar wannan ta hau kan dambun wancan, miyar wani ta gangara cikin waken wani. Wanda aka yi faɗa da shi a gida aka zubo masa gaya ba mai, ranar asirinsa a rufe yake, domin ba mai iya nuna nasa a cikin tarin.

A cikin mutum biyar ɗin nan akwai wani Bazazzagi. Sati ɗaya aka ɗauke mu aiki, injina yana fuskantar nasa. Ni kuwa Bakano ne gaba da baya, a cikin garin Challawa aka haife ni tun kafin kamfanoni su cinye gonakinmu. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi. Tun ranar farko ya ce ni bawansa ne, ni kuma na ce yunwa ce ta koro shi Kano, ya gode wa Allah da muka buɗe masa ƙofa. A kan wannan muka ƙulla, kuma ban tuna ranar da muka gaisa kamar mutanen kirki ba.

Yana da wata ɗabi'a wajen cin abinci. Matarsa ba ta taɓa rufe masa kula ba tsoka a ciki, ko da guda biyu ce ƙanana. Idan aka juye, sai ya sa yatsa ya turo tsoka ɗaya gabana, ba ya kallona, bakinsa kuma yana tsokanata. "Ci, bawana," in ji shi, "ku Kanawa sai dai ku sayar da akuya, ba ku san ɗanɗanonta ba." Ni kuma in ɗauka in cinye, in ce gaisuwa ce ya kawo wa ubangidansa. Sauran su yi dariya. Haka kullum, har ya zama ranar da bai zo aiki ba abincin ba ya yi mini daɗi. A gida ma nakan ba da labarin ina hura hanci, in ce ina da wani Bazazzagi da yake yi mini gaisuwar nama.

Da gajiya ciwon ya fara. Ni mutum ne da nake tuƙa keke daga Panshekara zuwa kamfani, in tsaya awa takwas a gaban inji, in dawo in kama ban-ruwa a ɗan lambuna. Sai na wayi gari hawa ɗan tudun bakin get ɗin kamfani yana neman gagarata. Daga nan sai ƙaiƙayi, ba ƙurji ba komai, sai susa har in ji wa kaina ciwo. Fitsari ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na ce zazzaɓi ne, na sha abin da ake sha. Uwar yarana ce ta tsare ni wata safiya a tsakar gida, ta juyo da ni wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa, ta ce, "Malam, idonka ya yi rawaya, wannan shawara ce." Ranar Bazazzagin ne ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa babban asibiti, yana gaya mini a hanya in riƙe shi da kyau, kada Bakano ya faɗo a ce shi ya yar da shi.

Likitar hanta mace ce, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Tambayoyinta sun fi allurarta zafi. Ta tambaye ni ko an taɓa ƙara mini jini, a ina nake aski, ko akwai mai irin ciwon a danginmu, wane magani nake yawan sha, me muke taɓawa a wurin aiki. Sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, dole in tambaya. Kana shan giya?"

Na ji kamar an mare ni. Ina da saurin fushi, wannan ba sai an gaya mini ba. Na ce, "'Yata, dubi gemun nan da kyau." Ta duba kuwa, ta ce ta ga gemu, amma amsa take jira. Na ce ban taɓa ba. Ta rubuta ta wuce tambaya ta gaba, ko a jikinta.

Wata huɗu ana abu ɗaya. An ɗebi jinina har na daina ƙirga kwalabe. An nemi ƙwayoyin cutar hantar nan da ake ɗauka ta jini, na B da na C, ba ko ɗaya. An duba ko jikina ne yake yaƙar hantar da kansa, gwajin bai nuna ba. An ɗauki hoto, ba kitse, ba ƙari. Ta sa na kawo mata sunayen duk abin da muke zubawa a roba kafin a ja zare, ta bincika, ta ce ba ta ga wanda za ta ɗora wa laifi ba, ga kuma waɗanda suka fi ni daɗewa a sashen lafiyarsu ƙalau. A ƙarshe aka kwantar da ni, aka soka wata doguwar allura ta haƙarƙarina, aka ciro ɗan abin hantar da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Da sakamakon ya fito, ta zaunar da ni da uwar yarana.

"Hantarka tana da kumburi, kuma ta daɗe da shi," in ji ta. "Ba irin wanda ake ɗauka ba ne, iyalinka su ci su sha da kai. Za mu riƙa dubawa, mu kare ta daga abin da zai ƙara mata nauyi. Ka rage gishiri da mai, kada ka sha kowane magani sai na sani. Amma abin da ya kawo shi, ban sani ba."

Na ce, "Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Baba. Akwai masu irin naka, a bincika duk inda ake bincikawa a rasa dalili."

Har muka hau adaidaita sahu ina mita. Wata huɗu, jini kwalba-kwalba, a ce da mutum ba a sani ba! Na ce da uwar yarana ko makanikin bakin titi ya fi haka iya magana.

Ina cikin hutun jinya tsohon fomanmu, shugaban sashenmu, ya ajiye aiki. Kowa a sashen ya san kujerar tsakanina da Bazazzagin take, mu muka fi daɗewa. Ni ina kwance, sai aka ba shi. Da kansa ya zo ya gaya mini, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hula kamar wanda ya yi sata. Na ce, "To, ranka ya daɗe, duniya ta lalace, bawa ya hau kujera." Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Har ga Allah, a ranar ban ji komai ba sai ɗan ɗacin da kowane ɗan Adam zai ji.

Sai Yaya ta shigo maganar. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma Auta take ce mini, ko da a gaban surukaina. Tana cikin garin Challawa tana sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mace ce da ba ta yarda abu ya faru haka kawai ba. Ko kazarta ce ta mutu sai ta gano wanda ya watsa abin da ta ci. Da aka gaya mata likita ta ce ba a san dalili ba, sai ta tafa hannu ta ce, "Ciwon da asibiti ya rasa kansa ai ba na asibiti ba ne."

Bayan kwana biyu ta zo da wani mai magani, dattijo mai tsabta da taushin murya, ba irin masu lasifika a kasuwa ba. Ya duba idona da tafin hannuna, ya shimfiɗa yashi a ƙyalle ya yi zane-zanensa, ya share, ya sake. Sannan ya ce sammu ne. A nama aka ba ni, kuma ba daga nesa ba, wanda hannunsa yake haɗuwa da nawa a kwano ne. Bai ambaci sunan kowa ba, bai ma san kowa ba. Yaya ce ta juya ta kalli uwar yarana ta ce, "Wane ne wannan da Auta yake cewa kullum yana tura masa nama?"

Ni da bakina na ba su hujjar. Shekara da shekaru ina ba da labarin don a san ina da aboki, ga shi yau an juya shi. Ga nama, ga kujerar foman, ga ciwon da ba a san kansa ba. Yaya ta haɗa su uku ta ɗaure, ta ce ko yaro ya ga wannan ya gane.

A Panshekara magana ba ta kwana a ɗaki, domin rabin unguwar a kamfani ɗaya ko maƙwabcinsa suke aiki, matansu kuma suna haɗuwa a gidan biki da wajen niƙa. Cikin sati maganar ta shiga sashen saƙa. Ba wanda ya tari Bazazzagin da ita. Abin da aka yi ya fi haka muni: aka idar da azahar, kowa ya buɗe kularsa a kan cinyarsa, aka bar tire a jingine. Matarsa ta kai fanteka guda ta dambu gidan suna, aka karɓa aka yi godiya, da yamma aka mayar mata da ita ba a taɓa ba. 'Yarsa da take soya awara a ƙofar gida ta koma tana shiga da ita kamar yadda ta fito da ita.

Yanzu zan faɗi abin da ba na son faɗa. Da Bazazzagin ya ji, ya zo gidana bayan la'asar. Ina kwance a ɗaki na ji ƙarar babur ɗinsa, na ji sallamarsa, na ji Yaya ta fita zaure ta ce masa ina barci, kuma daga yau ba a bukatar dubiyarsa. Idona biyu. Ƙafata tana iya kai ni zaure. Ban tashi ba. Ina nan ina tuna yadda yake turo naman ba ya kallona, ina tambayar kaina me ya sa ba ya kallona. Abin da na sani shekara goma sha tara kunya ce irin ta mai kyauta, ranar sai ya zama mini wani abu dabam. Ya kira wayata sau uku a kwanakin da suka biyo baya, ban ɗauka ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a cikin wannan hali, na ƙirga su, kuma ba na jin zan gama istigfari a kansu.

A cikin kwanakin ne na sha maganin. Wani jiƙo ne baƙi mai ɗaci, wai zai fito da abin da aka ba ni. Na san likita ta hana, amma Yaya ta tsuguna a gabana da ƙoƙo tana hawaye, ni kuma na kasa ture hannun da ya raine ni. Kwana uku ina sha ina amai kamar hanjina zai fito. Ba abin da ya fita sai ƙarfina. Da ranar komawa asibiti ta zo aka ɗebi jini, likita ta dubi takardar, ta cire tabarau ta ajiye.

"Baba, me ka sha?"

Na fara kame-kame. Ta ce hantar da take lallaɓawa wata huɗu na ɗora mata dutse a kwana uku, idan na ƙara tana iya tsayawa gaba ɗaya. Yarinyar nan ta wanke ni tas, ni da gemuna. Da ta sauko sai na fito da abin da ke cina. Na ce, "Likita, tsakaninki da Allah, ana iya ba mutum wannan ciwon a nama?"

 Ta ce akwai gubar da take taɓa hanta, ta nemi alamarta a jinina da abin da aka ciro, ba ta gani ba. Sammu kuwa ba ta da na'urar da take ganinsa. "Abin da na gani na gaya maka," in ji ta. "Inda ban gani ba na bar shi a buɗe. Da na so, da tun wata na biyu na laƙa wa wani abu laifin, ka tafi gida hankalinka kwance, ina ba ka maganin ciwon da ba ka da shi."

Maganar nan ta biyo ni har cikin adaidaita. Mun biyo ta Sharada, manyan motocin kaya sun tare hanya, muna tsaye a rana, sai na tuna makanikai. Duk zamana a kamfani faɗa nake da irin makanikin da inji zai riƙa tsinka zare, ya duba ya rasa dalili, amma don kada a ce bai iya ba sai ya cire wani ƙarfe mai lafiya ya jefar, ya ce shi ne. Inji ya ci gaba da tsinka zarensa, ga kuma an yi asarar ƙarfe. Na sha korar irinsu daga kan injina da baƙar magana. Wanda nake ganin girmansa shi ne mai goge hannu ya ce, "Malam, ban gano ba, a rage masa gudu mu ci gaba da saurare." Ashe likitar nan da na raina irinsa ce. Ni kuma ina ɗaki ana cire mini ƙarfe mai lafiya ina kallo.

Ba wai na sami hujjar da ta wanke Bazazzagin ba ne. Ba ni da ita har yau, kuma ba a samun irinta. Abin da na gane shi ne masu zarginsa ma ba su da abin da suka kama shi da shi, sai alherin da ya yi mini.

Da na isa gida na tarar da Yaya tana tace sabon jiƙo. Na ce ta zubar. Na kuma gaya mata ranar Litinin zan je kamfani in ci abincin Bazazzagi a gaban kowa.

"Auta, kanka ɗaya kuwa? To in ba shi ba ne, waye?"

"Ba a sani ba, Yaya."

"Ba a sani ba magana ce? Mutum yana narkewa a ce ba a sani ba?"

"Magana ce. Ita ce ma gaskiyar da aka gaya min tun da na kwanta. Allah ya ɗora min, bai gaya min dalili ba, ni kuma ba zan ɗauki sunan bawan Allah in toshe ramin da shi ba."

Ta ce ai Allah yakan kawo ta hannun wani. Nan fushina ya tashi, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na ce idan hannu ake nema, hannun da ya kusa kai ni kabari a satin nan ƙoƙo yake riƙe da shi. Ina faɗa na so in mayar, domin na ga inda ta same ta. Ta ɗauki mayafinta, ta ce idan na ci abincin mutumin nan kada in ƙara taka gidanta. Tsoro ne yake magana a bakinta, na sani. Ta ga rasuwar iyayenmu da ta 'yan'uwanmu uku, ni kaɗai na rage mata.

Ranar Litinin sai gani na yi uwar yarana ta goge mini farar shaddata ta Juma'a ta ajiye a bakin gado. Ta miƙo kular abincina marar gishiri, na ce ta bar shi, yau a waje zan ci. Likita ba ta sallame ni in koma aiki ba tukuna, saboda haka a matsayin baƙo na shiga, maigadi yana ta yi mini sannu yana satar kallon idona.

Na isa ana fitowa daga masallaci. Na ga abin da aka gaya mini da idona: mutum huɗu a gindin darbejiya, kowa ya ba ɗan'uwansa gefe, kowa da kularsa a cinya kamar baƙi a tasha. Suka taso ana gaisawa, ana ya jiki. Na ce ina tire? Aka kalli juna. Ashe yana ɗakin makanikai an zuba ƙusoshi a ciki. Na je na zazzage ƙusoshin a ƙasa, mai faɗa ya yi faɗansa, na wanke shi a famfo da sabulu sau biyu, na kawo na ajiye inda ya saba zama.

Sannan na shiga ɗan ofishin foman. Yana zaune ya ba ƙofa baya, kula a gabansa a rufe. Ya rame fiye da ni mai ciwon. Da ya juyo ya gan ni sai ya miƙe. Ban gaishe shi irin ta mutanen kirki ba, don ban saba ba. Na ce, "Kai Bazazzagi, an ba ka kujera shi ne ka fara ɓoye abinci?" Na ɗauki kular na fita, ya biyo ni.

Lokacin hutu ne, ma'aikatan sashen saƙa da na ɗinki duk suna waje, sun fi mutum arba'in. Na juye kularsa ita kaɗai a tire. Dambu ne da zogale, ya sha man gyaɗa, irin wanda likita ta ce in yi nesa da shi, ga tsoka biyu a sama. Na zauna na naɗe hannun riga, na yi bisimilla da ƙarfi yadda na bakin famfo zai ji, na kai loma. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin sashen narka roba da ba a kashewa. Na kai ta biyu, na kai ta uku. Shi yana tsaye a kaina.

Na ce, "Zauna mana. Kuma ni ba na ɗaukar nama da kaina, ka sani."

Ya zauna. Sai da ya tura sau biyu tsokar ta iso gabana. Wannan karon ya kalle ni. Na ɗauka na ɗaga ta sama kowa ya gani, na sa a baki, na tauna a hankali, na haɗiye, na sha ruwa a kai. Na ce, "Gishiri ya yi yawa. Zage-zagi dai ba za su taɓa iya girki ba."

Wani ya fashe da dariya daga baya. Dattijon cikinmu, wanda yake kan injin yanka, ya taso ya juye shinkafarsa a kan dambun. Na biyu ya biyo, sannan na uku. Na huɗun ya rufe kularsa ya bar wurin, kuma har na bar kamfanin bai dawo tire ba. Ban riƙe shi ba, kowa da iyakar abin da zuciyarsa take ɗauka. Ni dai ban taɓa jin tsayina kamar ranar ba, alhali a ƙasa nake zaune, ido rawaya, wuyan riga ya yi mini yawa. Na yi kusan shekara ashirin a kan inji ba a taɓa dawo da saƙata saboda aibi ba, na gina gida, na aurar da 'ya'ya. Duk ban ɗauke su a bakin komai ba idan aka ajiye su kusa da lomar nan. Ina alfahari da ita, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da aka busa jiniyar komawa aiki ya raka ni bakin get. Muna tafe a hankali saboda ni. Na buɗe baki zan yi maganar kwana goma sha ɗayan nan, ya ɗaga hannu ya ce ya san idona biyu ranar, ya ji tarina ta taga, a bar shi. Sai ya tsaya a jikin katanga ya ce shi ma yana da abin da zai faɗa.

"Tun da maganar nan ta fito nake roƙon Allah ya tashe ka. Amma wallahi ba don kai kaɗai ba. Cewa na yi in mutumin nan ya mutu bai buɗe baki ba, shi ke nan, 'ya'yana sun zama 'ya'yan mai sammu har jikokinsu. Wa zai auri 'yata? Ina sujada ina roƙa maka lafiya, rabin zuciyata tana kan kaina. Kunyar wannan ce ta hana ni cin abinci."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina can ina juya ciwona, ashe da na tafi a kwanakin nan, da na tafi da mutuncin gida guda. Na ce masa addu'ar ta karɓu ko don wa aka yi ta, ya je ya kama aiki kafin a ce foman yana zaman banza.

Dambun ya hana ni sakat kwana biyu, cikina ya yi ta ƙugi. Yaya ta ji labari ta ce ga shi nan, ai ta faɗa. A rana ta uku na warware. Wata biyu ba ta yi mini magana ba, ina zuwa ina gaishe ta daga zaure tana amsa wa bango. Daga baya ta sauko, ta fara aiko mini da kunu marar sukari. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, idan an ambaci mutumin sai ta kama gyaran ɗankwali. Amma ta daina faɗa a gidan biki, matan unguwa kuma da suka ga wanda aka ce an sammace yana cin abincin gidan, sai maganar ta mutu da kanta.

Shekara shida ke nan. Da na koma aiki aka mayar da ni sito inda ba tsayuwa, na yi shekara biyu na ajiye. Duk wata uku ina zuwa asibiti a ɗebi jini, wani lokaci a ce ya yi kyau, wani lokaci a ce ya ɗan hau, a fayil ɗina kuma har yau gurbin dalili ba a cike shi ba. Masu zuwa dubiya sukan tambaya me ya kawo shi, in ce ba a sani ba, in bar su da ita. Yanzu na iya faɗarta ba tare da na sunkuyar da kai ba. Bara ƙafafuna suka fara kumbura, likita ta ce hantar ta fara tauri, ta kuma gaya mini abin da hakan yake nufi ba ta ɓoye ba.

Shi ya sa na tara 'ya'yana maza, na aika aka ɗauko Yaya da limamin unguwa, na kira Bazazzagin. Na ce ga wasiyyata a gaban shaidu: ranar da ta Allah ta kasance, mutumin nan ne zai yi mini wanka, shi zai sa ni a likkafani. A wurinmu ba a ba mutum wannan sai wanda aka amince wa da tsiraici da asiri, kuma ina so duk wanda ya taɓa jin waccan maganar ya ji wannan ma. Yaya ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya share ido da hularsa ya ce, "Ka ji Bakano. Ko ya mutu sai ya sa ni aiki."

Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma ya zo da sabulu daga gidansa.